Bayan alat ya shigo: yadda za ka tsara ciniki na biyu da na uku da wanda ya sayi darasinka a intanet

Akwai wani malami a Rigasa, nan Kaduna, da ya sayi ɗan littafina na PDF kan kiwon kajin broila, naira 2,000, ya turo shaidar biya, na tura masa fayil ɗin, ya ce Allah ya saka da alheri na ce amin, shikenan muka rabu. Bayan kamar wata huɗu sai ga kiransa da daddare wai kajinsa suna zawo suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Muna cikin magana yake gaya mini ai ya biya wani mutum naira 15,000 ya shiga ajinsa na Telegram kan haɗa abincin kaji, yanzu kuma mutumin ko waya ba ya ɗagawa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai har na kwana da shi. Ni na fara koya masa, ni ya tuna da ya shiga matsala, amma ranar da ya buƙaci mataki na gaba bai san ko ina da shi ba, kuma maganar gaskiya a lokacin ban ma tsara shi ba.

To wannan shi ne halin da yawancinmu masu sayar da ilimi a waya muke ciki, ko ajin ɗinki kake yi, ko haɗa turaren wuta da humra, ko kek da cincin, ko koyar da zane a Canva, ko gyaran waya. Duk ƙarfinmu yana kan neman sabon mutum. Mu ƙona data, mu biya Facebook kuɗin talla, mu roƙi 'yan uwa su ɗora mana a sitatus, da ƙyar mutum ya yarda ba 'yan damfara ba ne mu ya biya, sai kuma mu sake shi ya tafi mu koma neman wani daga farko. Alhali wahalar gaba ɗaya tana wajen sa mutum ya tura maka kuɗi karon farko bai taɓa ganin fuskarka ba. Wanda ya riga ya tura sau ɗaya kuma ya ga kaya sun iso, na biyun ba ya yi masa nauyi.

Abu na farko, kuma shi ne wanda na fi so a riƙe: kafin ka saki kayan farko ka san mene ne na biyu. Ba sai ka gama haɗa shi ba, amma ka san shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗauki takarda ka bi mutumin da ya sayi darasinka a zuci, idan ya yi aiki da abin da ka koya masa, wace matsala ce za ta tare shi bayan mako biyu, bayan wata ɗaya, bayan wata uku? Duk matsalar da ka rubuta, kaya ce ta sayarwa.

Bari in yi da kaji tunda shi na sani. Wanda ya sayi littafin farawa, abin da ke gabansa shi ne ɗaki, ɗumama 'yan tsaki a makonni biyun farko, ruwa, da allurar rigakafi ta Gumboro da Lasota. Wannan littafin farko ya gama da shi. Da sun shiga mako na uku zuwa na huɗu sai su fara cin abinci kamar ba gobe, buhu ya ƙare kafin ya ankara, nan hankalinsa ke komawa kan yadda zai rage kuɗin abinci, masara da waken suya da dusa nawa-nawa. Ga kaya na biyu. Mako na shida zuwa na takwas kaji sun kai, to wa zai saya? Masu gashi na bakin titi, gidajen abinci, masu biki, ko ya kai kasuwa dillalai su taya masa yadda suka ga dama? Ga na uku. Idan ya yi zagaye biyu ya ga riba sai ya fara tambayar kajin ƙwai, waɗanda sai sun kai wajen mako 18 zuwa 20 suke fara saka, wannan kuma lissafi ne daban gaba ɗaya. Ka ga ban ƙirƙiri komai ba, rayuwar kazar ce ta jera mini kayan da lokacin kowanne.

Mai ajin ɗinki ma haka ne, wadda ta koyi yanka da haɗa doguwar riga, gaba za ta nemi yadda ake sa farashi da yadda ake ɗaukar hoton kaya da waya, sai kuma inda za ta riƙa samun yadi da kayan ado da sauƙi, ko a Kasuwar Barci ko babbar kasuwa ta Sheikh Gumi.

Sai ka jera su hawa-hawa ta fuskar kuɗi. Na farko mai araha wanda mutum zai iya biya ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Na biyu ya fi shi tsada kuma ya fi shi zurfi, bidiyo ne ko aji na mako biyu. Na sama shi ne wanda lokacinka ke ciki, ka riƙa duba aikin mutum ɗaya-ɗaya, ko idan yana cikin gari ka hau Keke ka je Mando ko Unguwar Dosa ka ga ɗakin kajin da idonka. Amma dan Allah a kula da wani abu, kar ka yanke kayan farko ka ɓoye rabinsa don a dawo a sayi na biyu. Na sha ganin wannan, littafi ya kawo ka daidai wajen da kake buƙata sai ya ce sauran bayani yana babban aji. Mutum ya biya kuɗin abu cikakke ka ba shi guntu, wannan algus ne, kuma hadisin da ke cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu bai ware kasuwar intanet ba. Abin da ka yi alkawari a talla ya cika a kayan farko tas, har da gyara kamar yadda mai tsire ke yi.

Yanzu maganar ajiye suna, wadda ita ce ta fi cin mutane ba su sani ba. Shekarar da na fara, duk lambobin waɗanda suka saya suna cikin hirar WhatsApp ne kawai, ban ajiye su ko'ina ba, ranar nan aka zare mini waya a tashar mota, mutum sama da 100 suka tafi da ita. Na dawo da layin, amma hirar ba ta dawo ba don ban taɓa yin bakof ba. Tun daga nan duk wanda ya biya, a ranar nake shigar da shi Google Sheets: sunansa, lamba, abin da ya saya, ranar da ya saya, garin da yake, da layi ɗaya kan halin da yake ciki, misali “bai sa kaji ba tukuna, yana jiran albashi” ko “tsaki 50, sun kwana 4”. Wannan layin na ƙarshe ya fi sauran duka amfani. Idan Sheets zai ba ka wahala sayi littafi mai bango mai ƙarfi ka ja layi da biro, aikinsu ɗaya. Masu karɓar kuɗi ta Selar ko Paystack su na'ura ce ke ajiye musu suna da imel, amma mu nan yawancin kwastomominmu transfa suke yi ta OPay ko Moniepoint ko su je wajen mai POS su turo hoton rasit, imel ɗin ma wani ɗansa ne ya buɗe masa bai taɓa leƙawa ba, saboda haka lambar waya ita ce dukiyar.

Ka koma WhatsApp Business idan ba ka koma ba. Akwai wajen liƙa wa kowace hira lakabi mai launi, sai ka yi naka: ya tambaya bai biya ba, ya sayi na farko, ya sayi na biyu, yana da ƙorafi. Kuma da mutum ya biya, a saƙon farko ka roƙe shi ya ajiye lambarka, saboda saƙon burodkas, wato saƙo ɗaya da kake tura wa mutane da yawa lokaci guda, ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba, za ka yi ta turawa kana zaton ana gani alhali iska kake yi wa magana. Kowane jerin burodkas mutum 256 yake ɗauka, idan sun wuce haka ka buɗe wani, kuma gara ma ka raba su bisa watan da suka saya. A wancan saƙon na farko dai ka nemi izini, ka ce “zan riƙa turo maka ƙarin bayani lokaci-lokaci, ka amince?” Wannan ladabi ne, kuma tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya da hukumar NDPC da ke kula da ita, lambar mutum amana ce, ba a sayar da ita ba a kuma jefa shi guruf bai sani ba.

To sai jadawalin bibiya. Ga yadda nake yi, kowa ya gyara daidai da sana'arsa.

Ranar da ya biya, kaya su isa nan take, da gajeren saƙon murya na gaya masa daga ina zai fara. Kwana biyu ko uku bayan haka in tambaye shi ko fayil ɗin ya buɗe. Za ka yi mamakin yawan waɗanda wayarsu ba ta buɗe PDF ba, ko data ta ƙare bidiyon ya tsaya a rabi, suka ji kunyar faɗa suka yi shiru. Mutumin da bai buɗe kayan farko ba har abada ba zai sayi na biyu ba, don haka wannan tambayar ba ƙaramar aba ba ce. Bayan mako guda in tura wani abu kyauta mai amfani wanda ba ya cikin littafin, misali bidiyon minti biyu na yadda ake gane tsaki suna jin sanyi, idan sun cunkushe jikin tukunyar gawayi, ko zafi ya yi musu yawa sun watse gefe suna haki. A duk waɗannan ba na ambaton sayar da komai, ko da wasa.

Sai wajen mako na uku nake kawo maganar kaya na biyu, kuma da tambaya nake farawa. Wani abu kamar haka:

“Salamu alaikum Malam, ya iyali, ya kaji? A lissafina yanzu sun kusa mako uku. Buhu nawa suka ci zuwa yau? Ina tambaya ne don daga yanzu cinsu zai ninka, kuma a nan ne mutane da yawa ribarsu ke zurarewa. Ina da aji kan haɗa abinci a gida, ranar Asabar za mu fara, na waje naira 10,000 ne, ku da kuka sayi littafi 7,000. Idan lokaci bai yi ba babu komai, ka ci gaba da tambayata kamar kullum.”

Idan mace ce kuma ta girme ni, Hajiya nake cewa in yi mata “ku”, in gaida maigida da yara, kuma ba na tura wa matar aure saƙo bayan isha'i, wannan kowa ya san dalili. Saƙon da ya kira sunan mutum kuma ya nuna ka san inda ya kwana, ya fi burodkas goma. Burodkas na sanarwa ne, ciniki kuwa a hirar mutum biyu yake faɗawa. Na san zai ci lokaci, amma idan mutum 40 suka saya a wata, ɗaya ne ko biyu a rana, bayan la'asar ka gama da su.

Rangwamen tsohon kwastoma ya zama na gaske. Kar ka ɗaga farashi ka sauke ka ce ragi ne, Kaduna ƙaramin gari ne a waya, 'yar Tudun Wada da 'yar Malali suna guruf ɗaya na biki, za su haɗa bayani. Haka maganar “saura gurbi uku” alhali PDF ne da ba ya ƙarewa. Idan aji ne da ba za ka iya kula da fiye da mutum 30 ba, faɗi haka, in sun cika ka rufe da gaske ko da ɗan uwanka ne ya zo na 31, ya jira zagaye na gaba.

Akwai kuma ɗan ƙari da ake yi a daidai lokacin biya, tun hannun mutum yana cikin aljihu. Ya zo sayen littafin 2,000 sai ka ce akwai takardar lissafin kashe kuɗi da jadawalin allura da zai buga ya manna a ƙofar ɗakin kaji, idan ya ƙara 500. Abu ɗaya tak, ƙarami, wanda ke tafiya da abin da ya zo saya. Mai shayi ma yana tambaya a sa ƙwai ne, amma ba ya ce maka ka sayi teburin.

Kalandar gari ma tana cikin tsarin. Kaduna gari ne na ma'aikata da sojoji da ɗalibai, kuɗi na motsi ne daga ƙarshen wata zuwa makon farko, tayin da ka yi ranar 17 ga wata ko ya yi kyau sai an ce maka “bari a yi albashi”. In an faɗi haka rubuta a gaban sunansa ka koma masa ranar 28, ka ce kai ka ce in tuna maka. Watan Satumba kuɗin makaranta ya cinye kowa, ba na fitar da babban aji a lokacin. Mai son sayar da kaji a ƙaramar Sallah dole ya zuba tsaki tun farkon Sha'aban, ke nan ajina ya fita a Rajab. Mai harin Kirsimeti, kuma kasuwar kaji tana ci sosai a Barnawa da Sabo da Kakuri a lokacin, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba zai zuba, ke nan tun farkon Oktoba nake tuntuɓar tsofaffin ɗalibai. Da hunturu ya kama a Disamba tambayar kowa ɗumi ce, da zafin Maris da Afrilu ya zo manyan kaji ke faɗuwa, kowanne lokaci da darasinsa. Mai ɗinki ta san nata, mai kek ta san lokacin bukukuwa, zauna ka rubuta na wata 12 a shafi ɗaya.

Wanda ka yi wa tayi ya yi shiru fa? Tuni ɗaya bayan kwana uku, wani kuma ranar da za a rufe, daga nan ka ƙyale shi da maganar kuɗi amma ka ci gaba da tura masa abin amfani idan ya amince. Na taɓa yin wata guda ina tura talla kusan kullum ga kowa da kowa, mutane suka fara bulokin ɗina, wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa ta yi nadamar ba ni lambarta. Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ta faɗa. Ban da zubewar mutunci, idan mutane da yawa suka kai ƙarar lambarka WhatsApp na iya rufe ta, kasuwar ta tafi dare ɗaya. Duk wanda ya ce a daina turo masa, ka cire shi nan take ka ba shi haƙuri.

Mai ƙorafi kuwa ka fara da shi kafin kowa. Wanda ya ce littafin bai amfane shi ba, kira shi ka ji, sau da yawa abu kaɗan ne bai gane ba. In ya dage a mayar masa da kuɗinsa, mayar masa ba tare da dogon zance ba. Cikin waɗanda suka fi saye a wajena yau akwai wanda na taɓa mayar wa 2,000 ɗinsa.

Wani dalilin da ya sa nake matsa wa mutane su tsara kaya na biyu da na uku shi ne satar fasaha. PDF ɗinka, ko ka so ko ka ƙi, zai yi yawo, wani zai tura wa ƙaninsa, ƙanin ya jefa guruf. Telegram yana da wajen hana turawa da saukewa a cikin tasha ko guruf tun ƙarshen 2021, yana ragewa, amma mai waya biyu zai ɗauka da ɗayar. Abin da ba a iya turawa shi ne kai. Guruf na wata-wata inda ake biyan ɗan kuɗi kaɗan, kana amsa tambaya, kana kawo farashin tsaki da abinci na makon, kana haɗa mai kaji da mai saye, wannan ba ya satuwa. Guruf na WhatsApp yana ɗaukar har mutum 1,024 amma kar ka bari ya kai ko kusa, da an yi yawa sai tallan atamfa da saƙon “tura wa mutum goma” su cinye shi. Sa doka tun ranar farko, ka ware rana ɗaya ta tambaya da amsa a mako, kuma ranar ko ana ruwa ko babu wuta ka fito. Kar ka buɗe irin wannan sai ka tabbata za ka iya riƙe shi wata shida, don karɓar kuɗin wata ka ɓace shi ne daidai abin da aka yi wa malamin Rigasa.

Idan kuma ka duba ka ga ba ka da na biyun sam, tambayi waɗanda suka saya. Mutum 20 ka tura wa tambaya ɗaya: yanzu me ya fi ba ka wahala? Amsar da ta fi maimaituwa ita ce darasinka na gaba, har kalmomin da za ka sa a talla su za su ba ka. In abin ba fanninka ba ne, kamar maganin cututtuka da aikin likitan dabbobi ne, haɗa su da wanda ya iya, ku yi yarjejeniyar kamasho, ka kuma gaya wa ɗalibanka cewa kana samun wani abu a ciki. Amma wanda ba ka ga aikinsa da idonka ba kar ka tura masa mutanenka ko nawa zai ba ka.

Ƙarshen kowane wata buɗe littafin sunayen nan ka ƙirga abu biyu: cikin waɗanda suka sayi na farko, nawa suka yi aiki da shi, nawa suka sayi na biyu. A ƙaddara mutum 50 suka sayi na 2,000, kuɗi ya kama 100,000, talla da data sun ci 60,000, saura 40,000. Idan 8 kacal cikinsu suka shiga ajin 7,000, ga 56,000 ta shigo ba ka biya Facebook ko sisi ba. In ka ga masu aiki da littafin suna da yawa amma ba sa sayen na biyu, matsalar tana tayin ne ko lokacinsa ko farashinsa, canza ɗaya ka sake gwadawa wata mai zuwa. In kuwa masu aiki da shi ne 'yan kaɗan, dakata da haɗa sabon aji, koma kan littafin farko ka gyara shi, wataƙila rubutun ya yi yawa, mutanenka sun fi son saƙon murya da gajeren bidiyo da ba ya cin data.